Daga Ɗangamaji Zuwa Kaduna, Neman Mai Duba Bayan Ido

A ƙauyukanmu na ƙasar Jega, idan ganin dattijo ya fara ja da baya, ɗayan biyu ake cewa: ko yana ce, ko tsufa ne. In yana ce, sai a jira ranar da za a yi shelar aikin ido kyauta a kai shi. In kuwa tsufa ne, sai a nemo masa sanda, a haɗa shi da jikan da zai yi masa ja-gora, a ba shi haƙuri. Amma tsakanin waɗannan biyun akwai cututtukan da ba mu saba lissafawa ba, masu zama can a bayan ido, inda hasken tocila ba ya kaiwa. Ɗaya daga cikinsu ce ta sa na ɗauko kawuna daga Ɗangamaji, bayan an gama yankan shinkafa, hunturu ya fara kaɗawa, muka kama hanyar da ta kai mu har Kaduna.

Ɗangamaji mazaɓa ce a ƙaramar hukumar Jega, cikin masarautar Gwandu. Mutanenta manoma ne kamar sauran ƙasar: gero da dawa a tudu, shinkafa a fadama, da rani kuma a tayar da injin ban-ruwa a shiga albasa da tattasai. Kawu ƙanen mahaifiyata ne, ya haura saba'in. A fataucin albasa ya ci ƙuruciyarsa, yana bin manyan motoci zuwa kudu, kuma a zamanin ya sha taba sosai kafin Allah ya yaye masa. Da ya ajiye fatauci sai ya rungumi Alƙur'aninsa. Labarin idonsa ma da sunan ƙorafi ya iso mini, wai Kawu ya fara ɗagawa, yana wuce mutane ba sallama. Babu wanda ya kawo makanta a ransa. Mutumin da ke zuwa masallaci da asuba shi kaɗai, yana kauce wa kwata da turken awaki, wa zai ce ba ya gani?

Da na zauna da shi a zaure na tambaye shi, sai ya ce, "Ɗana, hanya ina ganinta, bango ina ganinshi. Amma in na dubi huskar mutum, tsakiyarta ɓacewa takai, sai hula da kunnuwa. Idon dama ya daɗe hakanan, na bar wa Allah. Abin da ya tada min hankali, wanga na hagun ma ya fara. In na buɗe Mus'hafi sai in ga layukan sun karkace."

Da hantsi muka iso Jega. Garin mahaɗa ce: hanya ɗaya ta yi Birnin Kebbi ta Kalgo, ɗaya ta yi Sakkwato ta Aliero da Tambuwal, ɗaya kuma ta gangara kudu ta Maiyama da Koko da Yawuri. Ba nisa daga nan Gimbana take, garin Malam Abdussalami, wanda harin da Gobirawa suka kai masa yana cikin abubuwan da suka gabaci hijirar Shehu Usmanu zuwa Gudu a 1804. Buhari ɗan Abdussalami ne ya kafa Jega, kuma tun daga lokacin kasuwa ce ke riƙe da garin. A bakin tasha muka tarar da mai tabarau ya baje faifai. Kawu ya gwada wannan, ya cire, ya gwada wancan. Rubutu ya ƙara girma, amma karkacewar tana nan, duhun tsakiyar ma ya ƙara faɗi tare da rubutun. Wani fasinja da ya ji zancenmu ya ba mu shawara mu nemi masu aikin ido na gargajiya, waɗanda ke tura yana da tsinin ƙarfe ta faɗa cikin ido. Na yi masa godiya, ban karɓa ba. Binciken makanta na ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa fiye da kashi 40 cikin 100 na idanun da aka taɓa yi wa aikin yana a Nijeriya ta wannan hanyar aka yi musu, kuma mafi yawansu sun zauna cikin makanta. Yanar da aka tura can baya take faɗawa, inda take iya haddasa kumburi da hawan jinin ido, ta lalata wurin da ya fi ko'ina muhimmanci.

Daga Jega muka wuce Birnin Kebbi, wadda ba baƙuwar aikin ido ba ce. Akwai asibitin gwamnatin tarayya, akwai asibitin Sir Yahaya, akwai cibiyar ido ta Hafsat, inda gidauniyar Tulsi Chanrai ta daɗe tana aikin yana. Ƙungiyar Sightsavers ma ta yi shekaru tana aiki a jihar. Wanda ya ga tsohuwar da aka kwance wa bandeji ta ga jikokinta bayan shekaru ba zai raina wannan aiki ba. Lissafi ma ya goyi bayansa. Wancan binciken na ƙasa, wanda ya duba mutum fiye da 13,000 masu shekara 40 zuwa sama, ya samu kashi 4.2 cikin 100 makafi ne, kimanin mutum miliyan 1.1 ke nan a faɗin ƙasa. Yana ce ta ɗauki kashi 43 cikin 100 na wannan makanta, hawan jinin ido ya biyo baya da kusan kashi 17. Dole a fara da babban icen da ya tare hanya. Sai dai wanda ciwonsa ba yana ba ce, in ya shiga layin masu yana, abin da zai ji shi ne ba ya cikin waɗanda za a yi wa aiki, ya juyo gida ba tare da ya san abin da ke cinsa ba.

Mu dai Allah ya haɗa mu da wata likita mai haƙuri a ɗaya daga cikin asibitocin garin. Aka ɗiga wa Kawu maganin da ke buɗe ƙwayar ido, muka jira har ya kama, sannan ta ɗora haɓarsa a kan na'ura ta leƙa ta cikin wani ƙaramin gilashi. Ta daɗe tana dubawa.

"Baba, akwai yana kaɗan, amma ba ita ce ta hana ka gani ba," in ji ta. "Ka san madubi? Yana tamkar ƙura ce a fuskar madubi, a goge ya koma garau. Naka ciwon a bayan madubin yake, inda fentin yake. In fentin ya ɓare, ko ka kwana kana goge fuskar ba za ka ga komai ba."

Ta yi mini bayani dalla-dalla. A bayan ido akwai wani tantani siriri da likitoci ke kira retina, shi ke karɓar haske ya aika wa ƙwaƙwalwa. A tsakiyarsa akwai wuri da bai wuce milimita biyar da rabi ba, ana ce masa makula. Da shi ake karatu, da shi ake gane fuska, da shi ake zura zare a allura. Sauran tantanin na ganin gefe ne, shi ya sa Kawu ke tafiya ba sanda alhali bai iya gane maƙwabcinsa. Idon damansa ya riga ya yi tabo. Na hagun kuwa ta ga alamar ruwa da ɗigon jini, kuma wannan ana iya tare shi in an yi sauri. Ta ce sai an ɗauki hoton cikin tantanin, sai kuma likitan da ya ƙware a bayan ido ya gan shi. "Kada ku ce sai bayan an cire albasa," ta ce. "Maganar makonni ake yi."

Da yake muna da ɗan'uwa a Kaduna da zai ba mu masauki, can aka rubuta mana takarda. Mai lalura daga ƙauye ba asibiti kaɗai yake dubawa ba, yana duba inda zai shimfiɗa tabarma da inda zai sami tuwon dare. Hanyar kudu ta Maiyama da Yawuri da Kwantagora ta fi miƙewa, amma direbobi suka hana mu saboda dajin Birnin Gwari. Sai muka ɗauki ta Sakkwato, tafiyar da ta haura kilomita 500.

Aliero ce zangon farko. Tun kafin ka shiga garin ƙanshin albasa ke tarbarka, ga rumbunan ajiya na kara, ga buhuna jere a bakin titi, ga jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha da aka kafa a 2006. Kawu ya leƙa ta taga yana faɗa mini inda suke lodi a da. Amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne masu ɗori. Sunan Aliero ya yi nisa a gyaran karaya, daga jihohi masu nisa ake kawo mutane, wasu har daga ƙetaren iyaka, su zauna makonni suna jinya. Wannan ya isa amsa ga masu cewa mutanenmu ba su san darajar ƙwararre ba, ko ba sa son tafiya neman lafiya. Sun san gwani, suna kuma bin sa duk inda yake. Karaya dai ana ganinta, tana da zafi, kowa ya san ƙofar da zai buga. Ciwon bayan ido ba ya zafi, ba ya ja, ba ya kwantsa, kuma babu wanda ya nuna wa mutane ƙofarsa.

Muka ratsa Tambuwal da Shagari muka shiga Sakkwato, inda asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yake da sashen ido. A garin nan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya yi rubuce-rubuce kan magani, har da ciwon ido. Neman ilmin lafiyar ido gado ne a ƙasar nan. Amma a zamaninsa likitocin duniya ba su da na'urar leƙa bayan idon mutum mai rai. Sai wajen 1851 wani Bajamushe, Hermann von Helmholtz, ya ƙera madubin da ya ba da damar hakan. Daga Sakkwato muka yi sammako, domin ba mai son dare ya riske shi tsakanin Talata Mafara da Gusau da Tsafe. Motar ta yi tsit har sai da muka ga Funtuwa, sannan aka fara hira. Daga Zariya zuwa Kaduna Kawu barci ya yi.

Manyan wuraren aikin ido na Arewa a birane ƙalilan suka taru. A Kaduna akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa, wadda aka kafa da dokar 1979. A Kano akwai asibitin ido na ECWA, wanda ke aiki tun 1943, da asibitin Makka, da asibitin koyarwa na Aminu Kano. Likitocin ido kansu ba su wadata ba, balle waɗanda suka ƙara shekaru suna koyon bayan ido kaɗai. Shi ya sa bencin jira na asibitin da muka je ya tara Arewa guda. Ga wani tsohon malamin makaranta daga Katsina da hawan jini ya toshe masa jijiyar ido cikin dare ɗaya. Ga wata hajiya daga Maraɗi da ciwon suga ya zubar mata da jini a ido. Ga wani saurayi mai sikila da tantaninsa ya fara ɓallewa. Kowa da ɗan rakiyarsa, kowa da ledar takardu, kowa da labarin wuraren da ya fara zuwa kafin ya gano nan.

Hoton bai ɗauki lokaci ba. Na'urar, wadda ake kira OCT, ba ta taɓa ido. Haske take aikawa ta fito da tantanin hawa-hawa a fuskar kwamfuta. A 1991 aka fara bayyana ta a jami'ar MIT ta Amurka, kuma ita ce ta sauya wannan fanni gaba ɗaya. Likitan ya juyo da kwamfutar ya nuna mini. A lafiyayyen ido layukan a kwance suke, da ɗan kwari a tsakiya. A idon Kawu na hagu tsakiyar ta kumbura ta yi tudu, ga baƙin ruwa a ƙarƙashi. Gani ya kori ji: wannan tudun ne ke karkata masa layukan Mus'hafi.

Sunan ciwon Kawu lalacewar makula ta tsufa, kuma iri biyu ce. Akwai busasshiya, wadda ta fi yawa, mai cin ido a hankali cikin shekaru. Akwai mai ruwa, inda wasu jijiyoyin jini marasa ƙwari ke tsirowa a ƙarƙashin tantani suna yoyo, kuma ita ce ke iya ɗauke ganin tsakiya cikin makonni. An ƙiyasta masu wannan lalura a duniya sun kai miliyan 196 a 2020, za su kai miliyan 288 a 2040. Ta fi kama Turawa fiye da baƙar fata, abin da ya sa aka daɗe ana ɗaukarta ciwon wasu, amma tana nan a cikinmu, kuma za ta ƙaru yayin da masu kai wa saba'in ke ƙaruwa. Bayan shekaru da gado, babu abin da ke jawo ta kamar taba.

Maganin mai ruwa, wadda ita ce a idon Kawu na hagu, allura ne, a cikin idon. Da Kawu ya ji haka sai ya kama hannuna. "Ranka ya daɗe, cikin ido anka ce?" Likitan ya yi murmushi ya ce, "Baba, za mu kashe wurin da ɗigo, mu wanke shi tas. Kafin ka gama Ƙulhuwallahu mun gama." Haka kuwa aka yi. Maganin yana toshe wani sinadari da ke sa jijiyoyin tsiro da yoyo. Kafin 2005 masu wannan ciwo kusan kallon ganinsu kawai suke yi yana tafiya. A shekarar ne likitoci suka fara amfani da Avastin, wanda asalinsa maganin daji ne. Aka amince da Lucentis a Amurka a 2006, Eylea ta biyo baya a 2011. A 2011 ɗin ne wani babban gwaji a Amurka ya nuna Avastin da Lucentis kusan aiki ɗaya suke yi, alhali na farkon ya fi araha nesa ba kusa ba, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin magungunan da bai kamata ƙasa ta rasa ba. Da shi talakawa da yawa a duniya ke tsira da ganinsu.

Tambayar da Kawu ya yi bayan an gama ita ce ta fi nauyi. "Shi ke nan mun gama?" Likitan ya girgiza kai. Ƙarfin maganin makonni yake yi ya ƙare. A farko kowane wata ake yi, galibi sau uku a jere, sannan a riƙa ɗaukar hoto ana tsawaita tsakani gwargwadon yadda idon ya karɓa. Wasu sukan shekara da shekaru a kai. Aikin yana sau ɗaya ne, a yi a sallame ka. Bayan ido kuwa zumunci ne da asibiti. Ga mutumin Kaduna, wannan hantsi ɗaya ne a wata. Ga mutumin Ɗangamaji, kuɗin motar mutum biyu ne zuwa da dawowa, da kuɗin hoto, da kuɗin allura, da kwanakin da ɗan rakiya ya bar gonarsa, da ratsa hanyar Zamfara sau biyu. Sai da 'ya'yan Kawu suka fitar da shinkafa a kaka, lokacin da ba ta da daraja. A bencin nan na ji labarin waɗanda suka yi allurar farko, suka ga sauƙi, kuɗi ya yanke, suka dawo bayan watanni idon ya riga ya yi tabo. Nisa da tsada su ne rabin cutar.

Alhamdu lillahi, kumburin Kawu ya sauka, layukan sun fara miƙewa. Idon dama bai dawo ba, kuma likitan bai ɓoye masa ba. Amma ya tabbatar masa wannan ciwo shi kaɗai ba ya kai mutum ga duhu ɗungurungum, ganin gefe yana nan. Aka ba shi gilashin ƙara girman rubutu, aka ce ya riƙa karatu inda haske yake sosai, ya yawaita ganye irin su zogale da alayyafo da rama, ya kula da hawan jininsa.

Bayan na mayar da shi gida sai na gangara Maiyama wurin gwaggona, wadda ta daɗe da ciwon suga. Tana karɓar maganinta, tana auna jini, amma da na tambaye ta ko an taɓa buɗe ƙwayar idonta an duba baya, sai ta ce, "Mi za a duba, ɗan nan? Ni lahiya lau nike gani." Nan haɗarin yake. Suga yakan yi shekaru yana ɓarna a jijiyoyin tantani mutum yana gani garau, ranar da zai lura an riga an yi nisa. A wancan binciken na ƙasa, kusan rabin masu suga da aka samu ba su ma san suna da shi ba, kuma kusan ɗaya cikin biyar ciwon ya riga ya taɓa musu ido. Alhali in an kama shi da wuri, ƙona wurin da hasken lesa ko allura na hana mafi yawan makantar. Ban bar Maiyama ba sai da ɗanta ya yi alkawarin kai ta.

Akwai abin da kowane gida zai iya yi ba tare da kobo ba. Dattijo ya rufe ido ɗaya da tafin hannu, ya dubi dogaran ƙofa ko layin rubutu, sannan ya sauya. Ido mai lafiya yakan rufa wa ɗan'uwansa asiri, shi ya sa ake gwada su ɗaya bayan ɗaya. In miƙaƙƙen layi ya karkace, ko tsakiya ta yi duhu, a tafi asibiti a makon. In mutum ya fara ganin walƙiya, ko baƙaƙen ɗige-ɗige suka taso masa farat ɗaya, ko inuwa ta rufo daga gefe, a tafi a ranar, domin tantani ne ke iya ɓallewa. Mai suga kuwa a duba masa bayan ido kowace shekara ko da yana ganin allura a ƙasa.

Sauran aikin na hukuma ne da masu hali. Ba zai yiwu a ajiye ƙwararren likitan bayan ido a kowace ƙaramar hukuma ba, amma ba sai shi ne zai fara dubawa ba. A Ingila, shirin duba idon masu suga da aka fara a 2003 ma'aikatan da aka horar ne ke ɗaukar hoton, likita sai wanda aka ga matsala yake gani. Cikin shekaru kaɗan suga ya sauka daga matsayin babban mai makantar da masu shekarun aiki a ƙasar. Yanzu akwai kyamarar bayan ido ta hannu, wadda ma'aikacin jinya zai iya koya. A sa ta a manyan asibitocin Jega da Aliero da Maiyama, a ɗauki hoton duk mai suga da mai hawan jini ranar da ya zo karɓar magani, a tura ta intanet a karanta. A samar da na'urar hoton tantani da ranar allura tsayayya kowane wata a cikin jihar, a kuma sa allurar cikin inshorar lafiya ta jiha. Jami'ar da ke Aliero na iya horar da masu kula da na'urorin.

Su kuma 'yan siyasa da attajiran da ke ɗaukar nauyin aikin ido kyauta, Allah ya saka musu da alheri, amma da sauran tambaya da ya kamata su riƙa yi wa likitocin kafin a naɗe rumfa: mutanen da aka ce ciwonsu a bayan ido yake, su nawa ne, wa ya rubuta sunayensu, kuma wa zai biya musu kuɗin mota a watan gobe da na jibi? Dattawan nan su suka noma abin da muka ci muka girma. Hakkinsu ne a kanmu mu kawo musu mai dubawa kusa, tun idon yana da sauran abin ceto.